Tambayi Baba Likita: Ciwon Baya da Masu Danna Ƙashin Gadon Baya

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan abu guda suka taru, wato masu gyaran ƙashin gadon baya da ake kira kairofirakta. Ni aikin gashin ƙashi na yi a nan Kumasi, ba irin nasu ba, amma bayan mutum guda ne muke taɓawa, kuma masu ciwo iri ɗaya ne ke zuwa mana. Na zaɓi saƙonni huɗu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba. Ni tela ne a Aboabo, shekaruna 38. Tun ɗinkin ƙaramar Salla ƙuguna ya riƙe. In na daɗe a kan keke sai na dafa tebur kafin in miƙe, ruku'u ma da ƙyar nake yi. Na sha diclofenac har cikina ya fara zafi. Na ga bidiyo a waya ana kwantar da mutum a danna masa baya ya yi ƙas, ya tashi yana murna. Na je wani wuri aka ce ƙashina ne ya goce, sai an yi mini zama 24, kuma a biya kuɗin gaba ɗaya. Wane irin aiki ne wannan? In biya?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba ka lafiya. Riƙe kuɗinka tukuna, ka saurare ni.

Wannan sana'a a Amurka ta samo asali, a garin Davenport na jihar Iowa, a 1895. Wanda ya fara ta, Daniel David Palmer, ba likita ba ne. Ya ce ya danna wa wani mai kula da gini, Harvey Lillard, ƙashin baya sai kunnensa da ya toshe ya buɗe. A 1897 ya buɗe makaranta, yana koyar da cewa kashi 95 cikin 100 na cututtuka daga gocewar ƙasusuwan baya suke. Ilimin likitanci bai tabbatar da wannan magana ba. Jijiyar ji ma daga kunne take shiga ƙwaƙwalwa kai tsaye a cikin ƙoƙon kai, ba ta bi ta gadon baya. A 2010 hukumar da ke kula da masu wannan sana'a a Ingila da kanta ta ce babu hujjar bincike da ke nuna wannan gocewar ce ke haddasa cuta. Amma sana'ar ba ta tsaya inda Palmer ya bar ta ba. Yau mai yin ta na gaskiya yakan yi karatun shekara 4 zuwa 5, kuma a nahiyarmu ana koyar da ita a jami'o'i a Durban da Johannesburg. Akwai masu amana a cikinsu da suka tsaya a kan ciwon baya da gaɓoɓi, akwai kuma masu sayar da tsohuwar maganar.

Gadon bayanka ƙasusuwa 33 ne a jere: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji inda haƙarƙari ke kamawa, 5 a ƙugu, sauran 9 na can ƙasa sun haɗe. Masu motsi 24 ne. Tsakanin kusan kowane biyu akwai faifan guringuntsi da ke yin aikin gammo, yana karɓar nauyi don kada ƙashi ya gogi ƙashi. Ta bayansu akwai 'yan ƙananan gaɓoɓi biyu-biyu, kowacce a cikin jaka mai ruwa mai yauƙi. Ta tsakiya laka ta ratsa, jijiyoyi na fita dama da hagu.

Ga yadda ake yin dannar ƙugu. Za a kwantar da kai ta gefe a kan siririn gado, a lanƙwashe gwiwar sama, ƙafar ƙasa a miƙe. Mai aikin ya dafe kafaɗarka da hannu ɗaya, ya ɗora ɗaya a kan ƙugunka, ya murɗa a hankali har jiki ya kai iyakarsa. Sai ya ce ka saki numfashi. A daidai nan yake yin 'yar gajeriyar turawa mai sauri, ko daƙiƙa ɗaya ba ta kai ba. Ƙas ɗin da kake ji daga waɗannan ƙananan gaɓoɓi yake fitowa: an buɗa gaɓa farat ɗaya, sai kumfar iska ta samu a cikin ruwanta. Shi ne dai abin da ke faruwa in ka ja yatsanka ya yi ƙara, shi ya sa ma sai an jira kamar minti 20 kafin gaɓar ta sake yi. Babu ƙashin da ya koma mazauninsa, domin tun farko bai bar wurin ba. Ƙasusuwan nan a ɗaure suke da jijiyoyi masu ƙarfin gaske. Wanda ƙashin bayansa ya goce farat ɗaya, kamar a hatsarin mota, galibi ɗauko shi ake yi, ba da ƙafarsa yake zuwa ba.

To yana da amfani? Yana da shi, daidai gwargwado, kuma ba zan ɓoye maka ba. Naman da ya ɗaure yakan saki, zafi ya ragu, mutum ya samu ƙarfin halin motsawa. A 2017 ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta sa dannar baya cikin abubuwan da za a iya gwadawa kafin a koma ga ƙwayoyi, tare da gashi da tausa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2023 ta lissafa ta cikin abin da za a iya yi wa ciwon ƙugu da ya daɗe. Sai dai in an gwada ta da motsa jiki ko aikin gashin ƙashi, sakamakon kusan ɗaya ne. Kuma yawancin ciwon ƙugu irin naka yakan yi sauƙi sosai cikin mako 6, ko an danna ko ba a danna ba. Mutum miliyan 619 ne ke fama da shi a duniya a 2020, a ƙiyasin hukumar, kuma a kusan 9 cikin 10 ba a samun wata cuta takamaimai da za a nuna.

Ragowar ɗayan nan shi ke hana ni barci. Akwai wani magidanci mai ɗaukar buhuna a kasuwar Kejetia da aka taɓa kawo mana. Watanni ana danna masa baya a wani wuri, ciwo na ƙaruwa. Da ya tuɓe riga sai na ga wandonsa ya yi masa yawa har ya ƙara huda a bel. Na bi gadon bayan da yatsa, na tarar da wani ɗan tudu mai tsini a tsakiya, ina taɓawa ya zabura. Na tambaye shi gumin dare, ya ce har tabarma yake jiƙawa. Tarin fuka ne ya ci masa ƙashi. Cutar ba a huhu kaɗai take zama ba, kuma a cikin ƙasusuwa gadon baya ta fi so. Ƙashin da ta rarake, turawa guda na iya rufta shi a kan laka, ƙafafu su mutu. Shi Allah ya kiyaye, ya sha magani na watanni, wanda kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnatin Ghana, ya warke. Tambayoyi biyu ko uku ne da sun isa a gano shi tun farko, ba a yi masa su ba.

Saboda haka kafin kowa ya ɗora maka hannu, ka duba kanka. Kana ramewa? Akwai zazzaɓi ko gumin dare? Ciwon na tashe ka daga barci ko kana kwance shiru? Ka faɗi ko ka yi hatsari? Kana da sikila? Ƙafa tana rauni, silifa na zamewa ba ka ji ba? In akwai ko ɗaya, likita za ka fara gani. In kuma wurin da kake yin tsarki ya dushe ba ka jin ruwa, ko fitsari ya ƙi fita, ko yana zubowa ba ka sani ba, wannan ba a kwana da shi. Ka nufi sashen gaggawa na asibitin Komfo Anokye, wanda ake kira Gee, a ranar, domin jijiyoyin ƙasan laka ne aka matse, kuma jinkiri na iya barin mutum da lahani na har abada.

In babu ko ɗaya, kuma kana son gwadawa, ba zan hana ka ba. Ka tambayi inda ya yi karatu, ka ga takardarsa da lasisinsa. Ya kamata ya yi maka tambayoyi, ya gwada ƙarfin ƙafafunka kafin ya kwantar da kai. Ka biya zama ɗaya-ɗaya. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu bayan dannar ba abin tsoro ba ne, da yawa suna jin sa. In an yi zama 4 zuwa 6 ba ka ga canji ba, ka tsaya. Wanda ya yanke maka zama 24 tun ran farko bai san yadda jikinka zai karɓa ba, ba kuma yadda za a yi ya sani.

Kujerarka ma tana da hannu a ciwon nan. Ka tashi duk bayan rabin awa, ko guga ce ka je ka yi a tsaye. Ka ɗaga mazauninka yadda gwiwa ba za ta fi ƙugu tudu ba, ka matso kusa da keken. Da safe ka kwanta rigingine a tabarma, ka jawo gwiwoyi zuwa ƙirji a hankali, sannan ka kafa tafin ƙafa a ƙasa ka ɗaga ƙugu sama sau 10. Ka gasa wurin da tawul da ruwan ɗumi. Ka taka zuwa masallaci, in ruku'u ya gagara ka yi sallarka a zaune har ka samu sauƙi. Kwanciya wuni guda ƙara ɗaure baya take yi. Diclofenac kuwa ka ajiye shi tunda ciki ya fara magana, yana kawo gyambon ciki yana kuma taɓa ƙoda. In wani ya miƙo maka tramadol a shago, kada ka karɓa.

TAMBAYA: Baba, ni direban tirotiro ne, wato ƙaramar bas ta haya. Duk sanda na yi aski a Asawase, mai askin yakan kama kaina ya murɗa wuya dama da hagu ya yi ƙara, ina jin daɗinsa. Akwai matsala?

AMSA: Akwai, ɗana, kuma daga yau ka ce masa ya bari. Jijiyoyin jini biyu ne ke hawa zuwa bayan ƙwaƙwalwa ta cikin 'yan ramuka da ke gefen ƙasusuwan wuya, kuma a can sama, gab da ƙoƙon kai, suna yin kwana mai tsanani. Murɗa ta farat ɗaya na iya tsaga bangon cikin jijiyar, jini ya daskare a wurin, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, mutum ya samu shanyewar ɓarin jiki yana da ƙuruciyarsa. Ba kasafai yake faruwa ba. Wani lokaci ma jijiyar ta riga ta tsage, ciwonta ne ya kai mutum neman a murɗa masa wuya, murɗar ta ƙarasa ɓarnar. A 2014 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce a riƙa sanar da mutum wannan haɗari kafin a taɓa masa wuya. In wanda ya yi karatun shekaru ana ce masa ya yi hattara, ina ga mai aski? Ni ko wurin ƙwararre mutum zai je, shawarata ya ce a lallaɓa wuyan a hankali, ban da fizga. Duk wanda bayan an murɗa shi ya ji matsanancin ciwo a ƙeya, ko jiri, ko yana ganin abu biyu-biyu, ko harshe ya yi nauyi, a kai shi asibiti nan take.

TAMBAYA: Baba, ina sayar da wake da shinkafa a Nima. 'Yata mai shekara 13 kafaɗarta ɗaya ta fi ɗaya tudu. Maƙwabta sun ce tallar da take taya ni ce, a kai ta a danna mata ta miƙe.

AMSA: Hajiya, ki cire wa ranki laifi. Irin wannan karkacewa takan bayyana a lokacin da yaro ke saurin tsawo, ta fi tsananta ga 'yan mata, kuma ɗaukar tire ko jakar makaranta ba shi ke kawo ta ba. Ki sa ta sunkuya kamar mai ruku'u, hannaye a sake, ki tsaya ta baya ki duba. In haƙarƙarin gefe ɗaya ya taso, ki kai ta a ɗauki hoton ƙashi a auna karkatar. In ƙarama ce, sa ido ake yi. Daga wajen digiri 25, yarinya na kan girma, akan sa mata rigar roba mai tauri don kada ta ƙaru. In ta haura 45 zuwa 50 ake maganar tiyata. Danna baya ba ya miƙar da ita, watannin da za a ɓata ana dannawa kuwa su ne waɗanda rigar ke aiki a cikinsu. Kuna da gata a Accra: ga asibitin Korle Bu, ga asibitin FOCOS a Pantang, wanda Farfesa Oheneba Boachie-Adjei, ɗan Kumasi kuma ƙwararren likitan tiyatar gadon baya, ya kafa, aka buɗe shi a 2012. Kada ki bari ta gama tsawo kafin ki je.

TAMBAYA: Baba, mahaifiyata shekarunta 70, tana da hawan jini da ciwon baya. An ce in an gyara mata baya za ta daina shan magani.

AMSA: Kada ta daina ko na kwana ɗaya, 'yata. Danna baya ba ya maganin hawan jini, ba ya maganin ciwon sukari, asma ko rashin haihuwa. Sannan a shekarunta, musamman mace da ta daɗe da daina al'ada, ƙashi yakan zama holoƙo, turawa mai ƙarfi na iya karya haƙarƙari ko ta rufta ƙashin baya. In kin lura ta rage tsawo ko ta fara ranƙwafawa, ki faɗa wa likitan da ke duba jininta a zuwa na gaba, ki nemi a yi mata hoton baya, a kuma tura ta sashen gashin ƙashi. In tana shan maganin tsinka jini irin su warfarin, ki sanar da duk wanda zai taɓa jikinta, ko mai tausa ne. Ki gaishe mini da Mma, Allah ya ƙara mata lafiya.