Ɗana yana binciken ciwon daji amma ba ya duba marasa lafiya, ina amfanin aikinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ɗana ya yi digiri na uku a kan ciwon daji, yana aiki a wani ɗakin bincike a Riyad. Kwanan nan aka gano ƙanwata tana da sankarar mama. Da muka kira shi sai ya ce shi ba likitan da ke rubuta magani ba ne, mu bi abin da asibiti suka ce. Abin ya sosa mini rai. Kullum zancensa an ambaci rubutunsa a mujallu, yana aiki da wasu a Jamus da Amurka. In innarsa ba ta amfana ba, wa zai amfana? Wata uwa daga Karantina, Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Gaskiya ɗanki ya faɗa miki, da ya yi karambanin rubuta mata magani ma ni zan fara yi masa faɗa. Sai dai hannun irinsu yana cikin jinyar ƙanwarki tun ranar farko.

Ki ɗauko takardar da aka ba ta bayan an ɗebi ɗan naman kumburin an kai ɗakin gwaji. Wajen ƙasa za ki ga ER, PR da HER2, kowanne da sakamako a gabansa. ER da PR suna nuna ko sinadarin mata ne ke sa ƙarin girma. Layukan nan uku likita ke kallo kafin ya zaɓi magani. Bari in ba ki labarin na ukun.

A 1987 Dennis Slamon na jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas ya wallafa sakamakon gwajin ƙari 189 da aka cire daga mata. Ya gano cewa a wasunsu ƙwayar gado mai suna HER2 ta ninku fiye da kima, kuma waɗannan matan ciwon ya fi saurin dawo musu. Ba shi kaɗai ya yi ba. Naman ƙarin daga ma'ajiyar William McGuire da ke San Antoniyo ya fito, abin gano ƙwayar kuma daga Axel Ullrich, Bajamushen da aikinsa ke ɗakin gwaji, ba gefen gadon asibiti ba. Sai 1998 aka amince da maganin trastuzumab, wanda aka fi sani da Herceptin. Shekara 11 ke nan. Yau kusan mace ɗaya cikin biyar masu wannan ciwo irin wannan ƙarin gare ta, kuma nau'in da a da aka fi tsoro ya zama mai magani na musamman. A Riyad aka ba Ullrich lambar yabo ta Sarki Faisal a fannin likitanci a 2003.

Wannan ambaton da ɗanki ke murna da shi, ma'anarsa wani mai bincike ya karanta aikinsa ya ɗora nasa a kai. Akwai ma'auni da Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005: in an ce lambar mutum 20 ce, yana da maƙala 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Yana da amfani, amma ni ba na yanke hukunci da shi kaɗai. Ana iya kumbura shi. A 2023 jaridar El País ta Sifaniya ta bankaɗo yadda ake biyan wasu fitattun masana na Turai su rubuta sunan jami'o'in nan Saudiyya a matsayin wurin aikinsu, alhali da ƙyar suke leƙowa. Wannan ya ɓata wa masu aikin gaskiya suna, kuma yana mini ciwo.

Abin da nake dubawa daban ne. Shin wani ɗakin gwaji ya maimaita aikin ya samu abu ɗaya? Sannan a haɗin gwiwar da yake da Turawa, shi ne mai tambayar, ko kuwa aikinsa kawai ya daskarar da nama ya aika, a sa sunansa a tsakiyar jerin mutum talatin? A fanninmu sunan farko na wanda ya yi wahalar gwajin ne, na ƙarshe na jagora. Ki tambaye shi ina sunansa yake faɗuwa. Zai ji daɗin tambayar.

Dalilin da ya sa na damu da wa ke riƙe da tambayar shi ne, yawancin abin da aka sani game da ciwon daji a jikin Turawa aka gano shi. Matan Saudiyya kuwa sankarar mama tana kama su da ƙarancin shekaru fiye da na Turai, ciwon dajin thyroid, ƙullin da ke gaban wuya, ya yi yawa a cikinsu, maza kuma na hanji ne kan gaba. Shi ya sa aikin Dakta Khawla al-Kuraya a asibitin Sarki Faisal, kan ƙarin marasa lafiyar ƙasar nan, yake da daraja, har aka karrama ta da lambar Sarki Abdul'aziz a 2010. Mu da tushenmu Afirka ta Yamma abin ya fi shafar mu. Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Shikago da abokan aikinta na Ibadan sun nuna cewa nau'in da ER da PR da HER2 duka babu ya fi yawa a matanmu, kuma shi ƙwayoyin toshe sinadarin mata ba sa yi masa aiki, Herceptin ma haka.

Yanzu ga abin da zai iya yi wa innarsa. Ki tura masa hoton takardar nan yau, ya fassara muku ita layi-layi da Hausa. Ya nemi izini a wurin aiki ya zo Jidda ranar ganin likita, ya zauna kusa da ita da biro da takarda. Ya tambayi matakin ciwon, da dalilin fara wannan magani kafin wancan. In HER2 ɗin ya nuna akwai, ya tabbatar an yi mata hoton zuciya kafin allurar farko, domin maganin yakan taɓa zuciya. In akwai wasu a dangi da suka yi irin ciwon, ya tayar da maganar gwajin BRCA1 da BRCA2, ƙwayoyin gadon da in suna da matsala ke ƙara haɗarin kamuwa da ciwon, saboda ke da 'ya'yanku mata.