Kafin ka sayi gidan haya a Kano

Ɗan'uwa, ka ce ka tara kuɗi kana son sayen gida a Kano ka zuba 'yan haya, kana tambayar ta ina za ka fara. Ta takarda za ka fara, kafin ma ka duba fenti.

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna, don haka mayar da shaidar mallaka zuwa sunanka na buƙatar amincewarsa. Ka ɗauki lauya ya bincika fayil ɗin gidan a KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta jihar Kano, a tabbatar ba a jinginar da gidan a banki ba. Idan gidan gado ne, kada ka biya ko sisi sai duk magada sun sa hannu. Mutum ɗaya da aka tsallake ya isa ya kai ka kotu. Maganar dillali kuma, ka ji ta, amma ka tuna la'adarsa yake nema.

Ka tambayi maƙwabta yadda layin yake da damina, ka kuma duba ko akwai tsohon bashin wuta.

Wajen ɗan haya, a rubuta yarjejeniya ko da ɗan'uwanka ne: nawa ne kuɗin, yaushe za a biya, wa zai yi gyara, wa zai kwashe shadda. Idan ya daina biya, kada ka cire masa ƙofa ko ka yanke ruwa, laifin zai dawo kanka. A yawancin jihohi mai hayar shekara sai an ba shi sanarwar wata 6 kafin a tashe shi, in ba a rubuta wani wa'adi ba. Wannan sanarwar lauya ya rubuta ta.