Me ya sa gulbi ke cin gaɓa ɗaya ya ƙara wa ɗayar?

Malam, ka tambayi dalilin da gulbin Argungu ke cinye gonakin tsallake, naku ɓangaren kuma yana ƙara faɗi. Je ka duba inda ya yi kwana. Ta bayan kwanar ruwa ya fi gudu, sai ya riƙa ƙwaƙule gindin gaɓa har ta rufta. Ta ciki kuwa a hankali yake tafiya, nan yake sauke yashi.

Laka ba ta da nauyi, sai ambaliya ta shimfiɗa ta a fadama, ita ce takin shinkafarmu. Ɗebi ruwan Agusta a kwalba ya kwana, da safe za ka tarar ta kwanta a gindi. Tun 1978 dai madatsar Bakolori ta Zamfara ke tare mana wani kaso nata.