Amsar Kawu kan mafarki da istihara

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce an yi maka tayin aiki a wani gari, ka yi istihara, da dare ka yi mafarkin kana gudu har ka faɗa rami, wasu kuma suka ce maka ai amsa ke nan, ka haƙura da aikin. Kana so ka sani ko haka magabata suke yanke shawara da mafarki.

Bari in fara da istiharar kanta, don nan mutane suka fi ruɗewa. Hadisin Jabir bin Abdullahi da Buhari ya ruwaito ya ce mutum ya yi raka'a biyu ba na farilla ba, sannan ya roƙi Allah: in al'amarin alheri ne gare shi, Ya ƙaddara masa shi, Ya sauƙaƙa masa, in sharri ne, Ya kawar da shi daga gare shi. Ka duba da kyau, ba a ambaci barci ba, ba a ambaci mafarki ba, balle ganin farin tufa ko baƙi. Mutane ne suka ɗora wannan daga baya, saboda ɗan Adam na son alamar da zai gani da ido.

Shi kuwa mafarki, Annabi (SAW) ya kasa shi kashi uku: bushara daga Allah, baƙin ciki da tsoratarwa daga Shaiɗan, sai kuma abin da mutum ke yi wa kansa zance da shi a zuci. Saurayin da ya kwanta da fargabar barin gida, ya ga rami, a wane kashi za ka sa mafarkinsa? Kuma an koya mana cewa wanda ya ga abin da ba ya so ya yi tofi ta hagunsa sau uku, ya nemi tsari, kada ya faɗa wa kowa. Kai kuwa ga alama rabin dangi sun riga sun ji labari. Ko mafarkin kirki ma bai zama hukunci da kansa ba. Abdullahi bin Zaid ya ga kalmomin kiran salla a mafarki, amma sai da Annabi ya tabbatar da su aka sa Bilal ya kira.

Masu binciken ƙwaƙwalwa ma sun taɓo wannan kashi na uku. A 1953, a Jami'ar Chicago da ke Amurka, Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman suka gano wani mataki na barci da ƙwayar ido ke kai-komo da sauri a ƙarƙashin fatar ido, kuma wanda aka tasa a lokacin yakan ce mafarki yake yi. Matakin na dawowa kusan kowane minti 90. Daga baya aka ga cewa a cikinsa sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro da motsin rai yana aiki sosai, yayin da wani ɓangare na sashen goshi, mai auna abu da hankali, yake lafawa. Shi ya sa a mafarki za ka ga mamaci yana tuƙa mota ba ka yi mamaki ba. Mai ba da shaida ne mafarki, amma kotun ba alƙali a lokacin, to ta yaya za ka karɓi hukuncinta?

Wannan ba ya nufin dare ba ya aiki. Akwai tunanin da ke gudana a cikinmu ba da saninmu ba, yana jera abin da muka gani da rana, yana haɗa wanda ba mu haɗa ba. A 2004 masu bincike a Lübeck ta Jamus sun ba mutane wani lissafi mai ɓoyayyiyar gajeriyar hanya, waɗanda suka yi barci kafin su sake gwadawa suka gano hanyar fiye da ninki biyu na waɗanda suka zauna a farke. Otto Loewi, wanda ya samu kyautar Nobel a 1936, ya ba da labarin cewa a barci dabarar gwajinsa da zuciyar kwaɗo ta zo masa. Sai dai ya shafe shekaru yana juya matsalar, kuma da ya farka ɗakin gwaji ya nufa ya tabbatar. Wannan shi ne abin da manya ke nufi in sun ce bari mu kwana da maganar: a ba zuciya dare ta tace, a yanke da rana ido biyu.

Don haka kada ka tambayi mai fassara ma'anar rami, ka tambayi kanka abin da kake tsoro. Albashin ne ba ka tabbatar zai isa ba? Masauki ne? Ko barin mahaifiyarka ita kaɗai? Rubuta su, ka nemi wanda ya taɓa aiki a wurin ka ji ta bakinsa, don shawara ɗaukar ɗaki ce. Sannan ka sake istihara, ka kama hanyar da ta buɗe, ko ka yi mafarki ko ba ka yi ba.

Ka turo mini takardar sharuɗɗan aikin in duba kafin ka ba su amsa. Ka gaida mahaifiyarka.