Amsa kan garin Jáchymov na ƙasar Cak

Ɗan'uwa, ka tambayi inda Jáchymov yake da dalilin da ƙaramin gari irinsa ya yi suna haka. Yana cikin wani kwari mai zurfi a tsaunukan Krušné hory, arewa da Karlovy Vary, dab da iyakar Jamus. Dutsen Klínovec, mai tsayin mita 1,244, yana kusa da shi, kuma dusar ƙanƙara takan daɗe a wajen.

Azurfa ce ta kafa garin. Iyalan Šlik suka assasa shi a 1516, masu haƙar ma'adinai suka yi ta kwarara daga yankin Saksoni na Jamus, har cikin shekarun 1530 ya zama na biyu a yawan jama'a a Bohemiya (yammacin ƙasar Cak ta yau) bayan Prag. Tsabar azurfar da aka buga a can ake kira tala, kuma daga ita sunan dalar Amurka ya samo asali. Da azurfa ta ragu, gari ya tsuke.

Daga ma'adinin garin ne Marie Curie da mijinta suka gano sinadarin radiyam a 1898, sannan a 1906 aka buɗe wurin jinya inda ake amfani da ruwan ramukan ma'adinan.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne bayan 1948, lokacin da gwamnatin kwaminisanci ta tilasta wa fursunonin siyasa haƙo yuraniyam don Tarayyar Sobiyet, cikin sanyi da yunwa, ba tare da kariya ba. In ka je, kada ka tsaya a wuraren jinya kawai, ka bi hanyar da ta ratsa tsoffin sansanonin fursunonin. UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2019.