Amsa ga mai son bincike kan kula da ma'aikata a kamfanonin Sin

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana so ka rubuta kundin digirinka na biyu a kan yadda kamfanonin Sin ke ɗaukar ma'aikata da biyansu da riƙe su, kuma kana tunanin ɗora shi a kan koyarwar Konfushiyas, tsohon masanin falsafar Sin, da guanxi. Ni a Guangzhou na yi nawa, a masana'antun Dongguan da Foshan na tattara bayanai.

Shawarata, kada ka sa al'ada a gaba. Ba wai babu ita ba ne. Guanxi, wato sanayya da alfarmar da ake bin juna bashi, yana nan daram, haka ma gudun kunyata shugaba a gaban jama'a. Sai dai ɗalibai kan mayar da su maganin kowace cuta. Ma'aikaci ya yi shiru a taro, a ce Konfushiyas. Ya kwana a ofis, Konfushiyas. Alhali in ka tona, sau da yawa doka ce, ko rajistar zama, ko wanda ya mallaki kamfanin.

Kafin gyare-gyaren Deng Xiaoping na 1978, ma'aikacin birni na hukumar aikinsa ne, wadda suke kira danwei. Ita ke ba shi gida da asibiti da makarantar yara da fansho, kuma kora kusan babu. A 1986 aka fara ɗaukar sababbin ma'aikatan kamfanonin gwamnati da kwantiragi, Dokar Ƙwadago ta fara aiki a 1995, a ƙarshen shekarun 1990 aka sallami miliyoyi. Wadda ta fi shafarka ita ce Dokar Kwantiragin Aiki ta 2008: in aka wuce wata ɗaya ba a rubuta kwantiragi ba, kamfani zai biya albashi ninki biyu, kuma bayan kwantiragi mai wa'adi sau biyu a jere ma'aikaci na iya neman marar wa'adi. Kamfanoni da yawa sai suka koma ɗaukar mutane ta hannun dillalan ƙwadago, har a 2014 gwamnati ta ƙayyade kada irin waɗannan su wuce kashi 10 cikin 100 na ma'aikata. Saboda haka in ka tarar da mutum biyu a kan inji ɗaya, albashi daban, fara tambayar wa ya sa hannu a takardar kowannensu.

Sai hukou, rajistar zama da aka kafa a 1958. 'Yan ci-rani daga ƙauyuka sun kusa miliyan 300, kuma makarantar yara da wasu haƙƙoƙi suna ɗaure da inda aka yi wa mutum rajista. Wata shugabar sashen ma'aikata ta gaya mini babban ciwon kanta bikin sabuwar shekarar Sinawa ne: a karɓi kuɗin ƙarshen shekara, a tafi gida wajen yara, wasu ba su dawowa. Wanda bai san hukou ba zai rubuta cewa ma'aikatan ba su da amana.

Kuma wane kamfani kake nufi? Sinopec, kamfanin mai, na gwamnati ne, kwamitin jam'iyyar Kwaminis yana da baki a naɗin manya. Alibaba mai zaman kansa ne, kuma a irinsu aka yi ta cece-kuce kan 996, wato tara na safe zuwa tara na dare, kwana shida a mako, wanda Kotun Ƙoli ta ce ya saɓa doka a Agustan 2021. Foxconn kuwa, mai haɗa kayan lantarki a Sin, na Taiwan ne. Ƙungiyar ƙwadago ma kada ka auna ta da NLC. ACFTU, wato tarayyar ƙungiyoyin ƙwadago ta Sin, ita kaɗai doka ta yarda da ita, kuma yajin aikin masana'antar Honda a Foshan a 2010 ma'aikata ne suka shirya abinsu ba tare da ita ba.

Batun shiga kamfani shi ne wuyar aikin. Imel daga baƙo ba ya samun amsa. Farfesanka ko wani tsohon ɗalibinsa ne zai gabatar da kai, daga nan komai a manhajar saƙonni ta WeChat ake yi. Kada ka bari manaja ya raba maka takardun tambayoyi, domin za su dawo kowa ya gamsu da komai. Maganar gaskiya a wajen cin abinci bayan an tashi aiki na same ta, ba rikoda. Tambayoyin ka sa a mayar da su Sinanci, wani daban ya dawo da su Turanci, ka gwada. Ka kuma kula da dokar kare bayanan mutane ta Nuwamban 2021, wadda ta tsaurara fitar da irin waɗannan bayanai waje. Don karatu, duba CNKI, rumbun takardun bincike na Sin, da mujallar Management and Organization Review.

In tafiyar ba za ta yiwu ba, akwai kamfanonin Sinawa a yankin ciniki na musamman na Ogun-Guangdong da ke Igbesa a jihar Ogun, da kuma na Lekki. Amma can dokar Najeriya ke aiki, tambaya ce daban, kuma taken kundin ya nuna haka. In ka tsayar da lardi ɗaya da nau'in kamfani ɗaya, turo daftarin tambayoyin in duba maka. Allah ya ba da sa'a.