Idan na rufe gidan burodi don Sallah, zan iya yanke albashin ma'aikata?

Tambaya: Malam, ina da gidan burodi a Mabera da ma'aikata tara. Duk Sallah nakan rufe kwana biyar. Shida albashin wata nake ba su, uku kuma kullum ake sallamarsu. Wani ya ce mini kuɗin ranar da ba a yi aiki ba haram ne ga ma'aikaci. In yanke?

Amsa: Alhaji, Allah Ya sa albarka. Hukuncin yana cikin kalmarka ta "nakan rufe". Kai ka sa kwaɗo a ƙofa, ba su suka ƙi zuwa ba.

Masu albashin wata su ne malaman fiƙihu ke kira ajirun khas, wanda aka ɗauki lokacinsa. Ladarsa tana tabbata da zarar ya miƙa kansa, ko an ba shi aiki ko ba a ba shi ba. Ka biya shidan nan cikakke. Na kullum kuwa, ranar da suka yi aiki ce tasu.

Wanda ya ce maka haram ne ya gwama su da tela ko mai wanki, waɗanda ake biya kan abin da suka gama. Ranar da fulawa ta yanke maka, tanda ta yi sanyi, yaran suka wuni zaune kan benci, ka cire musu? Na san ba ka cire ba. To me ya bambanta ta da ranar Idi? Sannan ƙa'ida ce sananniya cewa abin da al'ada ta tabbatar kamar sharaɗi yake, kuma duk Sakkwato an san ba a cire wa mai albashi ranar Sallah. Haramtawa tana buƙatar dalili, shi kuma bai kawo ba. Abin tsoron a gefenka yake, domin wanda ya danne ladar ma'aikaci yana cikin ukun da Allah Ya ce Shi ne abokin husumarsu ranar ƙiyama.

Dokar Ƙwadago ta ba wanda ya cika wata 12 hutun aƙalla kwana 6 na aiki da albashi. Kada ka cinye musu shi da sunan Sallah ba tare da kun yi magana tun farko ba.

Wajen rubuta ranakun da za ka rufe, ka ce "daga jajibiri", tunda ranar Sallah tana bin sanarwar Sarkin Musulmi. Ka biya kafin nan, saboda mai tafiya Illela ko Tambuwal ya sami kuɗin mota. Su kuma ukun nan, kwana biyar za su yi ba shigar ko sisi, ga iyali ga hidima. Ba wajibi ba ne a kanka, amma ni dai da na ba su goron Sallah mai kauri.

Wallahu a'alam.